Kazar da Aka Karya Saboda Ni

Na yi shekara tara ina tsaron raga, kuma a duk tsawon shekarun nan ciwo ɗaya mutanen Bauchi suka san na taɓa yi, wato idon sawun hagu. Har yau in na ratsa Wunti sai wani tela ya ɗago kai daga kan keken ɗinkinsa ya ce, “Gola, ya ƙafa?” Ni kuma in ce da sauƙi. Ƙafar nan ba ta taɓa yin komai ba.

Abin ya fara ne ranar da muka ci wasa, shi ya sa na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Muna gida, muna da biyu abokan karawarmu suna nema, ƙwallo tana can gabansu, ni kaɗai a tsaye a bakin raga ina gyara safar hannu. Sai na ji ƙirjina ya ɗaure kamar an ja bakin buhu. Numfashi ya ƙi shiga, filin ya yi mini nisa, ihun 'yan kallo ya koma kamar daga wani gari yake zuwa. Na tabbata mutuwa ce ta zo, kuma abin da ya fi damuna a lokacin shi ne zan mutu da gajeren wando a gaban rabin gari. Bayan 'yan mintoci ya sake ni. Aka tashi wasa, aka ɗauke ni a kafaɗa, ina ta murmushi ina jin amai.

Abin ya dawo bayan sati biyu, sannan ya riƙa zuwa duk wasa, daga baya ko wasa ba ya jira. In na hangi motar ƙungiya ta shawo kwanar layinmu sai ya taso mini. Ɗan wasan tsakiya in ransa ya ɓaci yana iya ɓuya cikin mutum goma, ya yi gudun banza har a tashi. Gola ba shi da maɓuya. Rigarsa ma kalarta daban, kuma a bayansa magoya baya ne da suka san unguwarsu, suka san babansa, suka san inda yake cin tsire. Na sha rubutu, na ƙara nafila, na riƙe azkar ɗina safe da yamma, kuma na ji sanyi a raina da su. Amma da alƙalin wasa ya hura usur, bakin buhun nan sai ya ja.

Ban faɗa wa kowa ba, domin na ga abin da aka yi wa lamba tara ɗinmu. Ɗan kudu ne, Kirista, ya zo Bauchi buga ƙwallo har ya zama ɗan gari, kuma ban taɓa ganin mai sa ƙwallo da ka irinsa ba. Wata rana bayan atisaye ya ja koci gefe ya ce masa kansa ba daidai yake ba, ba ya iya barci, yana kuka ba dalili, yana son ya ga likita. Koci ya dafa shi ya ce ba komai. Kafin Juma'a kowa a gidan 'yan wasa ya ji. In ya wuce sai wani ya ɗora yatsa a gefen kai ya murza, a kwashe da dariya, kuma ni ma na yi dariyar, ba zan wanke kaina ba. Ƙarshen kaka aka sallame shi. Kococi kuwa waya suke yi wa juna kafin su ɗauki mutum, don haka babu ƙungiyar da ta sake kiransa ko gwaji. Ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwar Wunti yana sayar da takalman ƙwallo na gwanjo.

Ga kuma Baba. Tsohon direban ma'aikata ne, ya yi ritaya, kuma da ina yaro ya karya bulala ba ɗaya ba a kaina saboda ƙwallo. Ranar da ya fara jin an ambace ni a rediyo ya sauya sheƙa gaba ɗaya. Ya zama shi ne masanin tsaron raga na majalisarsu ta ƙofar gida, mutumin da bai taɓa kama ko lemo da aka jefo masa ba. In za a gabatar da shi a ɗaurin aure sai a ce baban gola, ya gyara zaman hula. Ina son tsohon nan, kuma na fi tsoron fuskarsa fiye da duk wani ɗan wasan gaba da na taɓa fuskanta.

Saura kwana uku mu tafi wani wasan waje, ana gwada bugun kusurwa a atisaye, na yi tsalle na damƙe ƙwallo, na sauko lafiya lau. Sai kawai na ga kaina a ƙasa, na riƙe idon sawu ina birgima. Wallahi ban shirya ba, jikina ne ya yanke shawara ya bar ni ina kallo. Nan da nan aka zagaye ni. Wani ya kawo ƙanƙara, wani ya cire mini takalmi a hankali, kocin da bai taɓa yi mini magana ba tare da zagi ba ya durƙusa yana cewa, “Sannu, ɗana, kada ka motsa.” A nan na gane cewa a sana'armu ciwo yana da mutunci matuƙar ana iya naɗa masa bandeji. Da motar ta tafi wasan ba ni a ciki, na yi numfashin da na yi wata huɗu ban yi irinsa ba.

Aka yi hoto a asibiti, ba a ga komai ba. Likitan ƙungiya ya ce targaɗe ne, in huta sati guda. Sati ya cika na ce har yanzu ba na iya takawa. Ya ƙara mini wani satin yana kallona ta saman tabarau. A nan Baba ya karɓi shari'ar. Ya ce hoton asibiti ba komai yake gani ba, akwai tsagewar ƙashi da sai hannun gado ke jin ta, kuma akwai wani tsoho mai ɗori a ƙauyen Zungur da ya taɓa ɗora wani abokin aikinsa. Na ce a bari a ga ƙarshen satin. Ya ce ƙafar gola ba abin wasa ba ce. Washegari da safe ya dawo daga kasuwa da budurwar kaza, ja mai ɗigon fari a wuya, ya ce tsohon ba ya aiki sai da ita.

Mun sami tsohon ya dawo daga gona ke nan. Ya jingine fartanya, ya wanke hannu a hankali kamar mai alwala, ya zaunar da ni a tabarma a zaurensa. Ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya bi ƙashin da babban yatsa tun daga ƙauri har zuwa diddige. Ina ta cije leɓe ina ɗan nishi a inda nake ganin ya dace. Tsohon ya gama dubawa. Ya juya ya ce wa Baba, “Malam, taimaka ka zaga bayan gida ka yanko mana karan dawa, masu ƙwari, kamar guda shida.”

Baba yana fita tsohon ya sauke ƙafata ƙasa.

“Samari, shekarata hamsin ina taɓa ƙashi. Wannan ƙafa ta fi tawa lafiya.”

Na buɗe baki zan yi musu, ya ɗaga hannu.

“Ban ce lafiyarka ƙalau ba. Wanda ke lafiya ba ya biyo babansa har Zungur da sanda. Akwai abin da ya kawo ka, amma ba aikina ba ne, akwai masu shi. Yanzu ga yadda ake ciki. Al'adar gidanmu, in an ɗora mutum ana karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da shi, ranar da ta taka shi ma ya taka. Babanka ya san haka, shi ya sa ya zo da ita. In na mayar masa da kazarsa da ƙafa biyu, na faɗa masa ke nan. In na karya, ka sami kamar sati uku. Kai za ka zaɓa.”

Na ji takun Baba yana dawowa, yana ta mita a kan ƙaiƙayin kara. Kalma ɗaya ta isa. Tsohon ya ɗauki kazar, ya kwance igiyar ƙafarta, ya dube ni ya jira, ya ƙara jira. Ni kuwa, ƙato mai tare fenareti, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ƙarar ba ta da yawa, ɗan ƙas ne kawai, sai kazar ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Ya shafa mata man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure ƙafar da tsinken tsintsiya da zare. Sannan ya yi wa tawa irin haka da kara da tsumma. Baba yana ta godiya, yana cewa ai shi dama ya san akwai tsagewa.

Haka muka dawo gida mu biyu masu jinya, ni a tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gida, ita a kwance a gefen akurki. Mutane suka yi ta zuwa dubiya. Magoya baya suka zo da ayaba da lemo, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a, telolin Wunti suka aiko wakili. Kowa in ya gama da ni sai ya je ya duba kazar, ya dawo ya ba ni rahoto. Baba kuwa kullum in ya dawo sallar asuba, kafin ya ce mini ina kwana sai ya tsuguna gabanta ya ga ko ta sauke ƙafa. Ya hana a ba ta dusa, ya ce gero za ta ci. Ba a taɓa yin kazar da ta ji daɗin gidanmu irinta ba, in ka cire abin da aka yi mata.

Abin da ban zata ba shi ne ciwon ya biyo ni har gida. Babu usur, babu 'yan kallo, ina zaune ina kallon Umma, mahaifiyata, tana tankaɗe, sai ƙirjin ya ɗaure. Na gudu daga fili, ashe ba a filin abin yake ba. Koci ya zo a sati na biyu, ya zauna a kujerar roba ya ce mataimakina yana kama ƙwallo ba laifi, kuma in ban dawo ba kafin a rufe rajistar zagaye na biyu, dole su nemo wani golan. Ya faɗa da murmushi, ya sha ruwa ya tafi. In na koma, zan faɗi a gaban jama'a wata rana. In ban koma ba, rigata ta tafi. In na faɗi gaskiya, ta tafi da sauri, har da sunan gidanmu. Na wayi gari ina kallon kazar nan ina roƙon Allah a zuciyata kada ƙashinta ya haɗe, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

Wata ranar Lahadi da rana lamba tara ya zo, daga coci yake, da rigarsa mai guga. Bai kawo ayaba ba. Ya zauna a bakin tabarma ya daɗe yana kallon ɗaurin ƙafata, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa da irin Hausarsa.

“Gola, ni ma haka na fara. Cinya na ce yana ciwo, wata biyu. Cinya bai yi komai ba.”

“Ni tsagewar ƙashi ce.”

“To. Amma na gan ka wasa na ƙarshe da ka tsaya. Ƙwallo yana can, kai kana riƙe ƙarfe na raga kana neman iska. Na san wannan abu. Akwai likita a babban asibiti, mace ne, yana ji magana. Ranar Talata nake zuwa. Yanzu ina barci.”

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka kama. Na ce masa in ya zo dubiya ne ya yi ya tafi, ni ba irinsa ba ne, kaina ƙalau yake. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Na fi shekara goma da sanin mutumin nan, kuma ban taɓa faɗa wa wani mahaluki maganar da ta fi wannan muni ba.

Kwana goma sha tara da zuwanmu Zungur, bayan la'asar, Baba yana majalisa, gidan shiru. Na ga kazar ta miƙe, ta sauke ɗaurarriyar ƙafar, ta taka sau ɗaya, ta sake takawa, sannan ta fara tonon ƙasa da ita. Ban san lokacin da na tashi ba. Na bar sandar a tabarma, na tsallaka tsakar gida da gudu, na cafke ta kamar ƙwallon ƙasa. Na riƙe ƙafar da hannu biyu, babban yatsana a daidai inda tsohon ya ɗaure. Ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna, da sauri irin yadda tawa take yi. Sati uku kawai nake so a ƙara mini.

“Ajiye ta.”

Umma ce a ƙofar madafa, da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Na ajiye kazar, ta ɗingisa ta shige bayan randa.

“Tun satin farko na sani,” in ji ta. “In ka fito alwala kana ganin ba mai kallonka, wani lokaci da ƙafar dama kake ɗingishi. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka. Yanzu gaya mini, ina ne ke maka ciwo?”

Na tsaya a tsakar gida da kara da tsumma a ƙafa, na rasa inda zan nuna. Na dafa ƙirji, na dafa kai, sai kuka ya ƙwace mini. Ta ja ni ɗakinta ta saki labule, na faɗa mata komai tun daga ranar da muka ci biyu. Ta saurara har ƙarshe, tana share hawayenta da bakin mayafi.

“Na ji abin da abokinka ya faɗa maka ta taga, na kuma ji abin da ka mayar masa. Talata za ka je inda ya ce. Amma kada Babanku ya ji, ba zai iya ɗauka ba. Kuma kana da ƙanne mata biyu a gidan nan. In maganar ta fita cewa za a yi a jininmu yake, su ma ta shafe su.”

Ta fita ta kama kazar ta kife ta da kwando a ƙuryar ɗakinta. Da Baba ya tambaya, ta ce zakaran maƙwabta ne ke damun ta, kada ya gurɓata ɗorin. Kaza ta warke, amma aka ƙara mata kwana goma a kulle saboda ni.

Ranar Talata na sa hular sanyi da takunkumin fuska, na ɗauki sandata na hau keke. Duk da haka mai gadin asibitin ya gane ni daga tsayi. Ya ce, “Gola, ɓangaren ƙashi ta can ne,” har da rakiya. Na gode masa, na shiga ɓangaren ƙashi, na ratsa ta cikinsa na fita ta ƙofar baya, na bi bayan gini har zuwa inda ba wanda ke son a gan shi. Lamba tara yana kan benci da katinsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi sandar, ya matsa ya ba ni wuri. Bai tuna mini da maganar ranar Lahadi ba, kuma har yau bai taɓa yi ba.

Da likitar ta ce me ya kawo ni, hannuna ya tafi idon sawu da kansa saboda sabo. Ta tsaya tana jira, irin jiran da tsohon Zungur ya yi mini, sai dai wannan karon na yi magana. Ta ce abin yana da suna, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ba ni kaɗai ba ne mai sa riga mai lamba da ya taɓa zama a kujerar nan. Ta rubuta mini magani, ta koya mini yadda zan yi da numfashina in ya taso, ta ce in riƙa dawowa muna magana. Bai tafi a rana ɗaya ba, har yanzu yakan leƙo. Amma na daina zaton mutuwa ce.

Da Umma ta ɗage kwandon, Baba ya ga kaza tana tafiya, ya raba ƙosai sadaka. Muka koma Zungur aka kwance ni. Tsohon yana warware tsumma ya ce a hankali, “Ka sami masu shi?” Na ce na samu. Na kai ga rajista saura kwana biyu a rufe, na karɓi rigata, na ƙara kaka huɗu a raga. A duk shekarun nan ƙwayoyina a robar maganin ciwon jiki suke, domin mu shida ne a ɗaki a gidan 'yan wasa, kuma kowa yana buɗe jakar kowa. Duk ranar da zan ga likita sai na naɗa bandeji a ƙafar hagu, in ce wa koci tsohon ciwon ne ya motsa. Bai taɓa hana ni ba, har cewa yake in kula da ita.

Kazar ba ta koma daidai ba, ƙafar ta ɗan karkace. Umma ta hana a yanka ta ko da Sallah, ta yi ta ƙyanƙyasa har ta tsufa. Wata ranar Asabar lamba tara ya kawo mini sabuwar safar hannu har gida, ya durƙusa ya gaida Baba a zaure, suka taɓa hirar ƙwallo, ya tafi. Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ya girgiza kai.

“Allah sarki, yaron kirki, ga ladabi. Sai dai kan ya taɓu. Ka rage yawan zama da shi, ka ji ko, kada mutane su haɗa ku. Kai da Allah ya rufa wa asiri, ciwonka a ƙafa ya tsaya.”

Talatar da ta wuce a benci ɗaya muka zauna da lamba tara a asibiti, kuma shi ya riƙe mini layi. Kazar ta shigo zauren tana ɗingishi, Baba ya watsa mata 'yan ƙwayoyin gero daga aljihunsa, yana jiran amsata.

Na ce, “To, Baba.”